Gafiya Tabawa da Kwandala Mai Dalar Gyaɗa

An yi wata gafiya mai suna Tabawa, raminta yana gindin katangar wani tsohon kango a bayan gari. Tabawa ba muguwa ba ce, amma Allah ya zuba mata son a gani. Ko ƙwayar gyaɗa ɗaya ta samo, sai ta zaga unguwa da ita kafin ta ci.

Maƙwabciyarta bushiya ce, sunanta Ladingo, tana zaune a ƙarƙashin wani rumbu. Ita komai nata a hankali yake, har magana sai ta juya ta a baki kafin ta fito da ita.

Na ukunsu hankaka ne, Jatau, mai farin ƙirji da zaƙin baki. Jatau ba ya yabon kowa a banza. In ka ji yana zuba maka kirari, to, ka damƙe abin da ke hannunka.

To, a wannan daji akwai wata al'ada. Duk shekara in an gama girbi, dabbobi sukan taru a gindin babbar kuka, kowa ya kawo abin mamakin da ya tsinta a shekarar. Tsohon kunkuru, Baba Shekarau, shi ke dubawa ya yanke hukunci. Wanda abinsa ya fi na kowa shi zai buɗe rawa, makaɗa su yi ta kiran sunansa har a tashi.

Buɗe rawar nan shi ne abin da ya hana Tabawa sakat. Ta taɓa kai murfin kwalba, aka yi mata dariya. Ta kai cokali mai karyayyen wuya, zabuwa ta doke ta da maɓallin riga. Kullum tana can baya tana yi wa wasu tafi, abin yana cin ranta ba kaɗan ba.

Wata rana a farkon damina aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Katangar kangon ta jiƙe, ta zube, rim! Sai ga wani ɗan tulu ya fashe a cikin ƙasar, tsofaffin kuɗin ƙarfe sun watse ko'ina, irin na zamanin kakanni waɗanda yanzu ko ƙosai ba za a ba ka da su ba.

Su ukun suka iso kusan tare. Kafin Jatau ya gama sauka, Tabawa ta fara cusa kuɗin a kumatu. Kun dai san gafiya, kumatunta su ne jakarta, duk abin da ta samu nan take zubawa.

"Haba Hajjaju, a bar wa talakawa ko ɗaya mana!" in ji Jatau.

"A ƙofar gidana katangar ta faɗi," in ji Tabawa, maganar na fita da ƙyar saboda baki a cike yake. "Da a kaina ta faɗo, kai ne za ka ɗaga mini ita?"

Ladingo dai ta koma gefe. Ta jira har ƙura ta lafa, sannan ta tono wani kwabo mai huji da ya nutse a laka, ja-ja da shi, babu wani ƙyalli.

"Yaya Tabawa, in ɗauki wannan?"

"Ɗauki, ƙanwata. Dama ya yi kama da ke, ba ya ɗaukar ido."

Da Tabawa ta koma rami ta zazzage kumatunta, sai idonta ya faɗa kan wata farar kwandala. Ta juya ta, ta ƙura mata ido. A jikin kwandalar akwai hoton buhunan gyaɗa, an jera su sun yi tsini sama kamar dutse, irin abin da tsofaffi ke kira dalar gyaɗa. Ga kuma gyaɗar kanta a gefe, cikin ɓawonta, kamar ka ɗauka ka ɓare.

"Wayyo daɗi!" Tabawa ta yi tsalle har kanta ya bugi rufin rami. "Gyaɗa a jikin ƙarfe! Bana in ban buɗe rawa ba, a canza mini suna!"

Washegari ta jefa kwandalar a kumatu, ta nufi gidan Ladingo don ta fara nuna mata. Ta tarar da ita a bakin rumbu, ta riƙe kwabonta ta gefe-gefe da ƙyar, tana share masa ƙasa da ɗan guntun auduga.

Tabawa ta tsaya tana kallo. Ladingo ta bar kwabon ya sha iska har ya bushe sarai. Ta naɗe shi a busasshiyar auduga, ta tura cikin wani ɗan gora, ta toshe bakin. Sannan ta cusa goran a saman dutsen da rumbun ke zaune a kai, inda ko feshin ruwa ba ya kaiwa.

"Ladingo, lafiya? Jariri kika haifa ne, ko kuwa kwabon ne ke zazzaɓi?"

"Ajiye shi nake yi, Yaya. Na ga yadda fartanyar mai gona take yi in ta kwana a raɓa. Ƙarfe ba ya shiri da danshi."

"To sai yaushe za ki fito da shi?"

"Ranar taro."

Tabawa ta fashe da dariya har kwandalar ta kusa shaƙe ta. Ta tofo ta a tafin hannu, jiƙe sharkaf da yawu, ta miƙa.

"Kin ga abin nunawa! Wannan ce zan kulle a gora kamar maganin tari?"

Ladingo ta leƙa, idonta ya yi waje. "Kai, Yaya, wannan ta yi kyau. Wallahi ta fi nawa nesa ba kusa ba. Don Allah ki daina sa ta a baki. Ki busar da ita, ki naɗe ta ita kaɗai, kada ta riƙa gogar sauran."

"Kishi dai, kishi," in ji Tabawa. Ta mayar da kwandalarta kumatu ta yi gaba.

Daga ranar Tabawa ba ta sake zama a gida ba. Ta kai wa kwaɗo ya gani, ya shafa da jiƙaƙƙen hannunsa. Ta kai wa ɓera, ya karɓa da hannun da ya gama cin ƙuli-ƙuli. 'Ya'yan kurege ma sai da kowanne ya lasa, wai ko za su ji ɗanɗanon gyaɗa. Duk inda ta je tana shela: "Ku zo gindin kuka bana, za ku ga abin da kakanninku ba su nuna muku ba!"

In ta gaji da yawo, sai ta tofar da ita a kan sauran kuɗin, a can ƙuryar rami inda ƙasa ke tsattsafo da ruwa tun da damina ta kankama.

Ana nan ana nan, wata safiya Tabawa ta ɗauko kwandalarta ta fito da ita haske. Ta duba ta da kyau. Farin nan ya dusashe, ya koma toka-toka, ga wata koriyar tsatsa ta fara kama gefen buhunan. Ta koma ta duba sauran kuɗin, ta tarar sun manne da juna, kore shar kamar an zuba musu miyar kuka.

Da gudu ta isa gidan Ladingo.

"Ƙanwata, na shiga uku! Dubi abin da ya sami kwandalata!"

Ladingo ta karɓa ta gefe, ta duba a hankali kamar yadda ta saba. "Kwantar da hankalinki, Yaya. Hoton yana nan, ko buhu ɗaya bai ɓata ba. Ki share ta da busasshiyar auduga a hankali, ki raba ta da danshi, ki bar ta haka. Tsatsar ba za ta ci gaba ba."

"In bar ta haka? In kai wannan dusasshen abu gaban jama'a?"

"Ai tsohon abu ne, ba laifi in tsufansa ya nuna. Baba Shekarau hoton zai duba."

"Ke dai ba ki san ado ba," in ji Tabawa, ta fizge abarta.

Duk wannan abu Jatau yana kan rufin rumbu yana saurare. Ya bari sai da Tabawa ta yi nisa, sannan ya sauka a gabanta, ya ɗan rusuna.

"Ranki ya daɗe, uwar ɗakina, mai kumatun alheri! Me zai sa ki kai kukanki wurin mai ƙaya? Ita da ko wanka ba ta cika yi ba, ina ta san ƙyalli? Ni kullum ina bakin rijiya, ina ganin yadda mata ke wanke tukwane su fito fes kamar sababbi."

"Da me suke wankewa?" Tabawa ta tambaya.

Jatau ya karkata kai, ya yi tari. "Maƙogwarona ya ɗan bushe, Hajjaju. Amma in na ga ɗaya daga cikin kwabban nan masu huji, ina jin zai buɗe."

Tabawa ta shiga rami ta ɗauko masa. Nan take maƙogwaro ya buɗe.

"Tsamiya," in ji Jatau. "Ki jiƙa tsamiya, ki tsoma ta a ciki, sannan ki dirje ta da toka."

Tabawa ta yi yadda ya ce. Kai, abin mamaki! Kwandala ta fito tana walƙiya, har ta fi ranar da aka tsince ta. Tabawa ta yi guɗa, ta ruga ta tsaya a ƙofar Ladingo tana juya ta a rana don hasken ya shiga har cikin ɗaki.

"Mai gora, fito ki ga aiki!"

Ladingo ta leƙo, ta kare ido da hannu. "Ta yi haske, Yaya. Amma duk dirzawa ɗaya, kina cire wani abu daga jikinta."

"Datti nake cirewa!"

"Har da abin da ke ƙarƙashin dattin."

Tabawa ta yi tsaki ta tafi. Ta mayar da kwandalar kumatu, ta ci gaba da yawonta, ta ci gaba da kwantar da ita a jiƙaƙƙiyar ƙurya.

Ba a daɗe ba sai ga dusashewa ta dawo, wannan karon ma ta fi saurin kamawa. Tabawa ta nemi Jatau. Maƙogwaronsa ya sake bushewa, wani kwabon ya sake buɗe shi.

"Toka ta yi laushi da yawa," in ji shi. "Ki haɗa da yashi."

Haka aka yi ta yi har damina ta ja baya. Kwandala ta dusashe, Tabawa ta dirje. Jatau kuwa ya zira kwabbansa a igiyar rama ya rataya a wuya, yana yawo da su cikin ruwa da rana, suna kacau-kacau. Ko barci ba ya cire su, don kada wani ya taɓa.

Da aka fara yankan gero, Tabawa ta lura da wani abu da ya tayar mata da hankali. Buhunan saman dalar ba sa fitowa sosai. Gyaɗar gefe ma ta zama kamar inuwa.

"Jatau, zo nan! Ina buhunana suke tafiya?"

Jatau ya leƙa da ido ɗaya. Ya san gaskiya sarai, amma ya hango sauran kuɗi a bakin rami.

"Ba inda suka je, ranki ya daɗe. Wani datti ne mai taurin kai ya rufe su. Suna nan a ƙasa suna jiran ki. Ki ƙara ƙarfi, za su fito."

Tabawa ta ji sanyi a ranta, domin abin da take son ji ke nan. Ta ƙara ƙarfi.

Ranar taro ta zo. Tun da hantsi aka fara jin ganguna daga gindin kuka. Tabawa ta duba kwandalarta, ta ga saura 'yar alamar dalar kawai, sai ka karkata ta sannan ka gani. Hankalinta ya tashi, ta ƙwala wa Jatau kira.

"Saura mataki na ƙarshe," in ji Jatau, bayan ya karɓe ɗan abin da ya rage mata. "Dutsen da mai gona ke wasa lauje, yana can bakin gona. Ki goga ta a kai da dukkan ƙarfinki. Yau dai dattin nan zai san da wa yake yi."

Tabawa ta ruga. Ta danne kwandalar a kan dutsen da hannu biyu, ta yi ta gurzawa, gurus-gurus, har gumi ya jiƙa ta. Da ta ɗaga, rana ta doki ƙarfen, haske ya kashe mata ido, ta kasa ko kallo.

"Alhamdu lillahi! Ta fito!" Ta jefa a kumatu ta nufi gindin kuka, tana tafe tana gwada takun rawa.

Wuri ya cika maƙil. Baba Shekarau yana zaune a kan saiwar kuka, dabbobi suna kawo abubuwansu ɗaya bayan ɗaya. Jatau ya kutsa gaba, yana kaɗa sarƙarsa.

"Ciro ta mu gani, ɗana," in ji Baba Shekarau.

Jatau ya cire. Kwabban duk sun ci tsatsa, sun manne, ba ka gane gaba balle baya. Amma ba wanda ya tsaya kallon kwabbai. Farin ƙirjin nan da Jatau ke taƙama da shi ya rine, ya zama kore shar tun daga wuya har ciki.

"La ilaha! Jatau ya faɗa tukunyar miya!" in ji kwaɗo.

Wuri ya kaure da dariya. Jatau ya sa baki yana tsefe gashin, kore ya ƙi fita. Ya tashi fir, ya haye can ƙololuwar kuka, ya juya wa jama'a baya.

Tabawa ma ta yi dariya har da riƙe ciki. Sannan ta gyara tsayuwa, ta fito tsakiyar fili.

"Jama'a, ku matso! Ga dalar gyaɗar da na yi muku alkawari!"

Ta fito da kwandalar, ta miƙa wa Baba Shekarau. Tsohon ya goge yawun a ganye, ya kawo ta kusa da ido. Ya juya ta. Ya sake juyawa. Ya matsa inuwa, ya ƙara dubawa.

"'Yata, ina gyaɗar?"

"Tana nan, Baba. Ka duba da kyau, buhuna ne jere har sama."

"Na duba. Ni dai kunkuru nake gani a ciki, tsoho mai wuya duk tamoji. Zo ki duba da kanki."

Tabawa ta karɓa ta duba. Babu buhu, babu gyaɗa, babu ko ɗigon rubutu. Ƙarfe ne sumul kamar gindin gwangwani. Abin da ta gani a ciki kawai wata gafiya ce mai manyan kumatu, ta saki baki tana kallonta.

Aka yi dariya, amma Tabawa ba ta ji ba. Kunya da baƙin ciki suka rufe ta. Ba wanda ya sace mata dalar nan, ita ce ta goge ta da hannunta, tana murna.

"Baba," ta ce da ƙaramar murya, "ba yadda za a yi a mayar da hoton?"

"Babu, 'yata. Wanda ya zana shi ya daɗe da barin duniya."

Sai ga Ladingo tana turo ɗan goranta a hankali. Ta cire toshiyar, ta warware audugar, ta ɗaga kwabon ta gefe-gefe. Yana nan ja-ja kamar ranar da ta tono shi, ba ƙyalli, amma ga tauraro ya kewaye hujin, kowane tsini a fili, ga rubutun zamanin kakanni ras a jikinsa.

Baba Shekarau ya miƙa wuya har sai da ya kusa fita daga ƙoƙonsa. "Allahu akbar! Irin wannan na gani a hannun masu zuwa cin kasuwa tun ina ƙaramin kunkuru. Kada kowa ya taɓa! Ku kalla da ido. Makaɗa, ku kira sunan Ladingo!"

Ganguna suka ɗauka. To, bushiya dai ba ta iya rawa ba, kowa ya sani. Ta yi taku biyu, kunya ta kama ta, ta dunƙule ta fara mirginawa a fili, jama'a na tsalle suna kauce wa ƙaya. Da ta gaji ta warware a gaban Tabawa, wadda ke zaune a gefe ta haɗa kai da gwiwa.

"Yaya, taso ki taya ni. Wallahi jiri nake ji, kuma ke kika iya takun."

"Ni da na ce kwabonki ba ya ɗaukar ido?"

"Ai gaskiya kika faɗa, ba ya ɗauka. Taso."

Tabawa ta share hawaye ta tashi. Ta yi rawa, rawa mai kyau kuwa, har zabuwa ta yi mata guɗa. Amma duk juyin da ta yi, sunan Ladingo ganguna ke kira, kuma ta san da ta bar kwandalarta yadda ta same ta, da nata sunan ake kira.

Darasin wannan labari shi ne, tsohon abu mai daraja ba ƙyalli ake nema a jikinsa ba, abin da yake ɗauke da shi na kakanni shi ake nema. In kun sami tsohon kuɗi, yara, ku riƙe shi ta gefe, ku raba shi da danshi da yawan taɓawa, ku naɗe kowanne daban a busasshen wuri, kada ku dirje shi don ya burge mutane. Kuma ku yi hankali da mai gaya muku abin da kuke son ji alhali idonsa na kan abin hannunku. Son a gani ne ya sa Tabawa ta goge abin da ta fi so a duniya, kuma abin da aka goge ba ya dawowa.